"Thou": kalmar da Bature ya yar, alhali tana bakin ɗanki

Wannan makon mun ɗan ajiye zancen rigakafi da kunun yaye, domin wata 'yar uwa daga Maraɗi ta aiko da tambayar da na san ba ita kaɗai ta shafa ba. 'Yarta tana lise. Malamin Ingilishi ya ba su baitoci na wata tsohuwar waƙa, ya ce su mayar da su Faransanci. Yarinya ta ci karo da kalmar "thou", ta ji ta da nauyi kamar kalmar fada, sai ta fassara ta da "vous", wato kalmar da Bafaranshe yake girmama mutum da ita. Malam ya bi duk inda ta rubuta haka ya ja jan biro. Uwa tana son ta sani, an zalunci 'yarta ne?

Ba a zalunce ta ba, malam ne da gaskiya. Sai dai ki gaya mata kada ta ji kunya, domin yawancin Turawan Ingila na yau haka suke ɗaukar kalmar. Kuma a ganina, 'yar da ta tashi tana jin Hausa a gida ta fi ɗan Landan kusa da gane ta, ko tana Maraɗi tana fassara zuwa Faransanci, ko tana Kano tana karanta adabin Ingilishi don jarrabawar WAEC. Zan riƙa cewa Ingilishi da Faransanci maimakon Turanci, tunda a Nijar idan an ce Turanci sau da yawa Faransanci ake nufi.

"Thou" ba wani abu ba ce illa "kai" ko "ke". Mutum ɗaya ake nufi da ita. A da can Ingilishi yana rarrabewa kamar yadda muke yi: "thou" ga mutum ɗaya, "ye" ko "you" ga jama'a, wato "ku". Kalmar tana da 'yan rakiya, kuma su ne suke ƙara rikita yara. Idan shi ne mai aikin, "thou" ake cewa. Idan a kansa aikin ya faɗa, kamar a "na gan ka", sai ta koma "thee". Mallaka kuwa "thy" ce ko "thine", wato "naka" ko "naki". A Faransanci kowace tana da kishiyarta tsaf: "tu", sai "te" ko "toi", sai "ton", "ta", "tes". Fi'ilin da ya biyo ta shi ma yana sauya riga, "are" ya zama "art", "have" ya zama "hast", "do" ya zama "dost". Ga misali irin na wurin aikinmu: "thou hast a fever" shi ne "tu as de la fièvre", shi ne "kana da zazzaɓi". Idan kuma yarinya ta ga "hath" ko "doth", waɗannan na "shi" ne ko "ita", ba su da alaƙa da wanda ake yi wa magana.

Ki lura da yadda "thou" da "tu" suke kama da juna a kunne. Asalinsu ɗaya ne. Haka "du" ta Jamusanci, haka "tu" da kike ji a finafinan Indiya. Idan kina cikin masu kallonsu da yaren asali, kin san akwai "tu", akwai "tum", akwai "aap", kuma kin san "tu" ce jarumi yake faɗa wa amininsa, ita ce kuma yake jefa wa mugu a fuska.

To yaya aka yi ta ɓace? A 1066 Wiliyam na Normandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na manya na tsawon ƙarnuka. Faransawa suna da al'adar kiran babba da jam'i, "vous", ko da shi kaɗai ne. Tun daga ƙarni na 13 aka fara ganin Ingilishi yana kwaikwayon haka, ana ce wa sarki ko ubangida "ye" da "you". Daga fada abin ya sauko gidajen attajirai, daga nan ya shiga kasuwa. Kowa yana tsoron ya ce wa wani "thou" a ce ya raina shi, sai aka ga cewa "you" ya fi kwanciyar hankali. Lokacin Wiliyam Shekspiya, wanda a littafin yaranki za ki ga an rubuta Shakespeare, an haife shi a 1564 ya rasu a 1616, "you" ta riga ta zama ta yau da kullum. "Thou" kuwa an bar ta ga ɗanka, da baranka, da masoyinka, da amininka, da Ubangiji, sai kuma wanda kake son ka ci wa mutunci.

Kuma cin mutuncin na gaske ne. A 1603 aka gurfanar da Sir Walter Raleigh bisa zargin cin amanar sarki. Lauyan gwamnati, Edward Coke, da ya fusata sai ya dinga kiransa da "thou" a gaban kotu, har ya fito fili ya ce da gangan yake yi. A wasan "Twelfth Night" ma akwai wanda ake zuga ya rubuta wasiƙar neman faɗa, aka ba shi shawara ya sa "thou" a ciki kamar sau uku don ta ƙara zafi. Bayan haka, a tsakiyar ƙarni na 17, sai ga mabiya George Fox, waɗanda ake kira Kwekas. Su suka ce mutane duk ɗaya suke a wurin Allah, don haka alƙali da manomi duk "thou" za su ce musu. Sun sha zagi da duka a kan haka, har a 1660 Fox da abokansa suka fitar da littafi guda don kare wannan ra'ayi. Bai hana ba. Kafin ƙarnin ya ƙare kalmar ta fita daga bakin mutanen birni. Ta saura a ƙauyukan arewacin Ingila, inda a Yokshaya har yau za ka ji tsoho yana cewa "tha".

Yanzu ki dubi gidanki. Idan kin shiga gaida surukarki, me kike cewa? "Inna, kun tashi lafiya?" Ita kaɗai ce a ɗakin, amma "kun" kika ce. Idan kin juya wurin autanki sai ki ce "ka ci abinci?" Idan kuma wata ta taka ki a layin awo ta ƙi ba da haƙuri, "ke!" ɗin da zai fito daga bakinki daban yake da "ke" da kike ce wa ƙawarki, ko da yake harufan iri ɗaya ne. A ɗakin marasa lafiya ina ganin wannan kullum. Ɗalibar jinya ta zo kan dattijo ta ce "kai, ka sha maganin?", sai ka ga fuskarsa ta sauya, wani ma ya juya wa bango. Wata ta zo ta ce "Baba, an sha maganin kuwa?", sai ya miƙo hannu da kansa a gwada jini. Wannan "an" ɗin wata dabara ce tamu ta uku, ta kauce wa nuna mutum da baki gaba ɗaya. Abin dariya, Faransanci yana da irinta, "on", amma idan ma'aikaciyar jinya ta yi wa tsoho magana da ita a can, ana ɗauka ta mayar da shi yaro ne.

Wannan ilimin da 'yarki take da shi tun tana goye, shi ne ɗan Ingila na yau ba shi da shi. Shi "you" yake ce wa uwarsa, da karensa, da sarki, da taron mutum dubu. Idan ya buɗe tsohuwar waƙa sai an zaunar da shi an yi masa bayanin abin da 'yarki take aikatawa kowace safiya ba tare da ta yi tunani ba.

Saura tambayar da ta jefa yarinyar a rami: in dai kalmar ta sabo ce, me ya sa take ƙamshin girma? Amsar tana wurin ibada. Da ta fita daga kasuwa da gida, wurin da ta daɗe shi ne coci. Fassarar Baibul ta Sarki James, wadda ta fito a 1611, ta yi amfani da "thou" duk inda asalin nassin yake magana da mutum ɗaya, ko bawa ne ko sarki ko Allah. Mutane suka yi shekaru ɗaruruwa ba sa jin kalmar sai a addu'a, sai suka ɗauka ta girmamawa ce. Ki tuna yadda mu ma muke roƙo: "Ya Allah Ka ba mu lafiya." Ba mai cewa "Ku ba mu". Muna girmama suruka da jam'i, amma Mahalicci da tilo muke kiranSa, domin Shi ɗaya ne kuma ba shamaki tsakaninSa da mai roƙo. Da a ce "ka" za ta ɓace daga Hausa ta saura a addu'a kawai, jikokin jikokinmu za su rantse kalmar sarauta ce. Abin da ya sami "thou" ke nan. Faransawa mabiya ɗarikar Katolika kuwa sun daɗe suna ce wa Allah "vous" a babbar addu'arsu, sai a 1966 suka koma "tu".

Idan akwai tsohuwar fassarar Alƙur'ani ta Ingilishi a gidanku, ta Marmaduke Pickthall ta 1930 ko ta Abdullah Yusuf Ali ta 1934, ki buɗe za ki tarar da "thou" da "thee" birjik. Wasu suna ganin ado ne kawai. Akwai adon, amma akwai aiki: Larabci yana bambanta "anta" da "antum", kuma da waɗannan tsofaffin kalmomi mai karatu yake gane ko da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ake magana shi kaɗai, ko da al'umma. Fassarar Hausa irin ta Shaikh Abubakar Mahmud Gumi ba ta buƙaci tono wata tsohuwar kalma ba, "ka" da "ku" suna nan a raye.

Bari in ba ki misalin da na fi so, don na uwa da ɗa ne. A wasan "Hamlet", wanda yawancinsa a baitoci aka rubuta, sarauniya Gertrude ta auri ƙanin mijinta jim kaɗan bayan rasuwar mijin, ɗanta Hamlet kuma ya ƙullace ta. Ta kira shi ɗakinta don ta yi masa faɗa. Ta fara da "thou", kamar yadda uwa take yi wa ɗanta. Shi kuwa ya mayar mata da maganarta kusan kalma da kalma, amma da "you". A zahiri ladabi ne, ɗa dama "you" yake ce wa uwa, sai dai ya ɗauki zarginta ya juyo mata da shi a cikin rigar ladabin. Nan take ita ma ta bar "thou" ta koma "you". Ta ja baya ke nan, ta rufe ƙofa. Can gaba, da maganganunsa suka karya mata zuciya, sai ga "thou" ta dawo bakinta tana roƙonsa ya yi shiru. Ɗan Ingila na yau zai iya karanta wurin nan duka bai ga komai ba. Mai fassara zuwa Faransanci kuwa ya samu yadda yake so, sai ya bi sawu: "tu", "vous", "vous", sannan "tu". Faransawa sun saba da wannan wasa a nasu adabin. A "Andromaque" na Racine, na 1667, akwai gimbiyar da take magana da "vous" cikin nutsuwa, da zuciya ta ɗebe ta sai ta faɗa "tu". Kuma sun daɗe da karanta Shekspiya a harshensu, domin François-Victor Hugo, ɗan marubuci Victor Hugo, ya fara fitar da fassarar ayyukansa gaba ɗaya tun 1859.

Da Hausa fa? Nan ne na ce harshenmu ya bi wata hanya. Uwa Bahaushiya ba ta ce wa ɗanta "ku" don ta yi fushi. Abin da take yi, kin san shi: ta daina kiransa da sunan da ta laƙaba masa, ta kira cikakken sunansa na yanka, ko ta ce "to, ranka ya daɗe, na ji". Duk ɗan da ya ji haka daga bakin uwarsa ya san ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ki ba 'yarki wannan misalin, za ta gane abin da sarauniyar ta yi fiye da yadda ƙamus zai gaya mata.

Amma kada ki ce mata duk inda ta ga "thou" magana ta ƙare. Akwai inda abin yake da wuya, har ƙwararru suna saɓani. Shekspiya da kansa wani lokaci yana cakuɗa "thou" da "you" ba tare da wani dalili na zuciya ba, sai don amo ko ma'aunin baiti ya daidaita. Sannan akwai mawaƙan da suka zo bayan kalmar ta mutu. John Keats ya yi wa wani tsuntsu waƙa a 1819 yana kiransa da "thou", Shelley ma ya yi wa wani tsuntsun a 1820. A lokacinsu ba mai faɗar kalmar a titin Landan. Sun ɗauko ta ne daga ƙasan adaka, kamar yadda kike fito da tsohon zanen saƙi ranar biki, don su ɗaga waƙar sama da maganar yau da kullum. Idan aka mayar da ita "tu", ma'ana ta fita daidai, amma ƙamshin tsufan ya tafi, domin "tu" ita ce yara suke faɗa wa juna a filin ƙwallo. Idan aka sa "vous", an mayar da tsuntsu wani babban ma'aikaci da ake neman alfarma a wurinsa. Abin da masu fassara suka fi yi shi ne su riƙe "tu", su nemo girman a wani wuri: su sa "ô" a gaban sunan abin da ake kira, kamar yadda muke cewa "ya kai wane", ko su zaɓi kalmomi masu nauyi a sauran baitin. Ga 'yar makaranta, shawarata ta rubuta "tu", sannan ta ƙara layi ɗaya a ƙasa tana bayyana cewa kalmar asali tsohuwa ce. Malami mai adalci zai ji daɗin ganin haka.

Na san abin da yara suke yi, su ɗauki wayarki su zuba baitin a manhajar fassara. Ban hana ba, tana taimakawa wajen kalmomi. Amma manhaja ba ta san wa yake magana da wa ba, ba ta san ko uwa ce ta yi fushi ko masoyi ne yake lallashi. Kafin yarinya ta taɓa wayar, ki sa ta gaya miki da Hausa abin da ke faruwa a waƙar. Ba sai kin iya Ingilishi ko Faransanci ba. Ki tambaye ta kawai: wa yake magana, da wa yake yi, mutum nawa ne, kuma da a gidan nan ne "ka" zai ce ko "ku"? Idan ta amsa waɗannan, ta riga ta zaɓi tsakanin "tu" da "vous". Ta kuma yi hattara da wasu 'yan tarko biyu da suke yawo tare da "thou". Kalmar "wherefore" ba "ina" take nufi ba, "don me" ce, wato "pourquoi". Ita kuma "ye" idan ta zo a gaban suna, kamar a allon tsohon shago, "the" ce aka rubuta da tsohon salo.

A nan zan faɗi abin da ke raina, ko da wasu za su ji haushi. Ina ganin iyaye mata, musamman a birane, da suka hana Hausa a gida wai don Ingilishin yaro ko Faransancinsa ya goge. Ana kawo mana yaran asibiti, kaka tana yi wa jika sannu, jika yana kallonta kamar baƙuwa. Yaron da aka raba da "kai" da "ke" da "ku" an raba shi da abin da zai buɗe masa Faransanci da Larabci da tsohon Ingilishi a lokaci ɗaya, an bar shi da "you" guda ɗaya tilo. Makaranta za ta koya masa harsunan boko, aikinta ne. Bambancin yadda ake magana da kaka da yadda ake magana da aboki kuwa, a tsakar gida ake tsintarsa.

Akwai ma wani wuri da Hausa ta fi su duka biyun tsanani. "Thou" ba ta nuna namiji ko mace, "tu" ma haka. Mu kuwa dole ka zaɓa, ko "kai" ko "ke". Shekspiya yana da gajerun waƙoƙi 154, kusan dukkansu masu layi 14, da aka buga a 1609. Ta 18 a cikinsu ta yi suna ƙwarai, har ta taɓa shiga manhajar adabi ta WAEC, kuma yara da yawa suna karanta ta a matsayin waƙar saurayi ga budurwa. A cikin waƙar kanta ba inda aka ce mace ce ko namiji. Yawancin masana suna ganin 126 na farko wani matashi aka yi wa su, aboki ko ubangidan mawaƙin. Mai fassara zuwa Faransanci zai iya lallaɓawa da "tu" na ɗan lokaci, amma da zarar sifa ta shigo asiri ya tonu, dole ya rubuta "beau" ko "belle". Mai fassara zuwa Hausa kuwa tun a kalmar farko za a tsare shi.

Ina son in ji daga gare ku a ƙasa, domin na lura abin ya bambanta daga gari zuwa gari, har daga gida zuwa gida. A wasu gidajen "Baba ka dawo?" ake cewa ba wanda zai ɗaga kai, a wasu kuwa sai an ja kunnen yaro. 'Yan Damagaram, 'yan Sakkwato, 'yan Zariya, da 'yan uwanmu na zangon Kumasi, a gidanku me ake ce wa mahaifi, "ka" ko "ku"? Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan zazzaɓin damina.